Shekarar da Na Sayi Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Dapango

Akwai wani labari da kuke bayarwa a gidan nan duk ran da aka taru a suna ko a sallah, wai Baba ya ga abin da zai faru a mafarki, ya yi wa Jamilu wayo da kwamfuta ya fitar da shi daga Sokode. Na ji 'yata Safiya tana ba 'ya'yanta shi haka, har da ƙarin gishiri. Na yi shiru a lokacin don ba na son kashe wa mutane dariya. Amma tunda Allah ya ba ni kwana har na zauna ina rubuta abin da na gani a rayuwata, gara ku ji shi daga bakina. Ban yi mafarki ba, kuma ban yi wa ƙaninku wayo ba.

Kun san ni mahauci ne ɗan mahauci. Kakana fataucin goro ya kawo shi Sokode, ya yada zango bai sake tashi ba, ɗansa ya kama wuƙa, ni ma na kama. Yayyen Jamilu maza duk sun tsaya a teburin nama ko da na ɗan lokaci ne, shi kaɗai ne, autanmu, wanda tun yana ƙarami jini ke tayar masa da zuciya. Ya gama lise, wato sakandare, ya yi ta neman aiki bai samu ba. Sai ya roƙi uwarku Hajara ta ba shi shagon ƙofar gida, inda take ajiye buhunan gawayi, ya share ya yi fenti, ya jera kwamfutoci uku da ya haɗa da hannunsa daga tsofaffin kaya. Samarin unguwa suna zuwa su biya su buga ƙwallo ko tseren mota. Ni dai ban ɗauki abin sana'a ba. In na dawo daga kasuwa da yamma na ji ihu daga shagon, ƙarti masu gemu suna tsalle saboda ƙwallon da babu ita, sai in kawar da kai in shige ciki.

A cikin ukun akwai wadda ya fara haɗawa, yana ce mata Kaka. Ita ce ta kawo mana surutu a waccan daminar. An fito da sabon wasan ƙwallo, sauran biyun suna ɗaukarsa, ita kuwa sai 'yan wasan su tsaya cak a tsakiyar fili kamar an kira sunansu, can sai ka gan su a wani wuri. Babu mai son zama a gabanta. Amininsa Razak, wani dogon Bakotokole, ɗan ƙabilar garin, mai ɗinki wanda tun suna yara tare suke, shi ya fi kowa tsokanarta. Wata rana muna cin tuwo, Jamilu ya kawo maganar.

"Baba, furosesar Kaka ce ta tsufa. Ina so in canza ta."

"Mece ce furosesa?"

"Ƙwaƙwalwarta. Wani ɗan ƙarfe ne, bai kai tafin hannun jariri ba. Shi yake yin duk tunanin."

"To in ƙwaƙwalwa ta tsufa canza ta ake yi? Ka fara da tawa mana."

Hajara ta yi dariya har ta ƙware. Shi bai yi ba. Ya ce shi kansa bai tabbata ba ko canjin zai yi amfani, domin sabuwar ƙwaƙwalwa irin ta yanzu ba za ta zauna a tsohon faifan da ake dasa ta a kai ba, wanda suke ce wa kat-mer, in kuma ya canza faifan to ya zama ya sayi sabuwar kwamfuta ke nan. Ya kwana biyu yana juya maganar, yau ya ce zai saya, gobe ya ce asara ce. Na ce masa ya sayar da tarkacen duka ya zo in koya masa fiɗa.

Wannan duk a shekarar da gari ya rikice ne. Mutane sun gaji, suna so a gyara dokar ƙasa a sa wa mulki iyaka, kuma Sokode ce ta fara fita kan titi. Kada wani ya gaya muku wai ni ina adawa da masu fita. Ran da aka ce a rufe kasuwa na rufe teburina tare da kowa, kuma abin da suke nema ni ma ina nema. Sai dai ni na taɓa ganin irin wannan tun ina da ƙarfina, na san yadda yake farawa da waƙa da tafi, na kuma san yadda yake ƙarewa. Jamilu da Razak ba su rasa fita ko ɗaya ba. Wata rana ya dawo rigarsa a yage, idanunsa jawur saboda barkonon tsohuwa, yana tari yana dariya. Uwarku ta wanke masa fuska, amma ranar ba ta ci abinci ba.

Daga baya aka yanke rezo, wato intanet, wayoyi suka zama ba su da amfani sai kira, kiran ma sai an yi sa'a. Na zaci shagon zai mutu, ashe cika zai yi, don wasanninsa ba sa bukatar rezo, kuma samari ba su da wurin zuwa. Nan suke haɗuwa, nan ake jin wa aka kama, wa aka sako, ta wace hanya za a bi gobe. Hajara ta same ni a tsakar gida da safe ina wasa wuƙaƙe.

"Malam, ɗakin nan fa ya daina zama ɗakin wasa. Kowa a unguwa ya sani. In kowa ya sani, waɗancan ma sun sani."

Na ce mata zan yi masa magana. Ban yi ba, domin na san amsar da zai ba ni.

Tafiyar Dapango kuwa ba shirya ta aka yi ba. Dabbobi sun daina shigowa Sokode saboda direbobi suna tsoron hanya, dole in hau arewa da kaina in nemo. Da Jamilu ya ji, shi da kansa ya ce zai bi ni da Kaka, ya kai wa Rakiya ta duba kafin ya yanke shawara. Rakiya 'yar yayata Ladi ce, ku ƙananan ba ku san ta sosai ba. Ta yi karatun gyaran na'ura a Lome, ta buɗe shago kusa da babbar kasuwar Dapango, kuma tana samun kaya daga 'yan kasuwar Sinkase da ke kan iyaka. Ya bar wa Razak makulli, ya ce masa kafin babbar fitar da aka sa zai dawo.

Ya naɗe kwamfutar da zane ya ɗora ta a cinya, bai yarda a sa ta a saman mota ba. Muka wuce tsagaggen dutsen Alejo, muka wuce Bafilo. A wani shinge aka sauke mu duka, wani mai kaki, yaro ne ma sa'an Jamilu, ya nuna ƙunshin da bakin bindiga ya ce a buɗe. A lokacin an fi tsoron kwamfuta a hannun saurayi fiye da adda. Ya tambayi mene ne a ciki, Jamilu ya ce wasan ƙwallo. Ya tambaye shi wanne, ya faɗa masa. Sai na ga fuskar yaron ta saki.

"Sabon? Yana tafiya a wannan tsohuwar?"

"Ba ya tafiya. Shi ya sa zan kai ta asibiti."

Ya yi murmushi ya waiga ko babbansa yana kallo, ya ce mu hau mota. Har muka wuce Mango ban daina tunanin fuskarsa ba.

Rakiya ta tarbe mu da zabuwa soyayya da tuwon dawa, ta yi mini faɗan na rame. Washegari na ce bari in leƙa shagon kafin in wuce kasuwar dabbobi, sai na zauna na kasa tashi. Ta buɗe cikin Kaka, ta hure ƙura, ta cire fanka, ta goge wani busasshen farin mai da ke kan ƙwaƙwalwar ta shafa sabo. Ta ce zafi ma yana rage mata ƙarfi. Suka kunna wasan, suna kallon wasu lambobi da ke hawa suna sauka a gefen allo, suna gardama rabi da Hausa rabi da Faransanci. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma ba. Abin da na fahimta shi ne hannun ɗana. Yadda yake riƙe ɗan ƙarfen nan ta gefe, yadda yake kwance ƙananan ƙusoshi bai taɓa barin sukudireba ta zame ba, irin hannun da na yi ta nema a teburin nama ne ban samu ba. Ashe yana da shi, wurin ne ba nawa ba. Rakiya ta juyo ta yi mini bayani da Hausar da zan gane.

"Kawu, hanya uku ce. Ko a bar ta haka, yanzu da na goge ta ta ɗan samu sauƙi. Ko a canza komai da komai, wannan kuwa sabuwar saye ce, ba gyara ba. Ko a nemo babbar yayar wannan ƙwaƙwalwar, irin wadda za ta zauna a faifan nan. Ita ma tsohuwa ce, an daina yin su. Akwai mai kawo mini daga Gana ta Sinkase, amma sai an jira shi."

"In an sa ta, 'yan ƙwallon za su daina tsayawa?"

"Za su rage. Ba za su daina ba. Ni dai da tawa ce, ba zan saya ba."

Jamilu ya sake duban allon ya ce haka ne, shi ma abin da ya gani ke nan. Ya fara mayar da murfi. Ya ce gobe da sassafe zai kama mota, domin Razak ya samu ya kira shi, ya ce kowa yana shiri.

Na tafi kasuwar dabbobi. A can na haɗu da wani dillali da na sani, ya taso daga Sokode da safiyar nan. Ya ja ni gefe bayan wata motar raguna, ya ce a hanya ya ga manyan motoci cike da mutane suna shiga gari, ba irin waɗanda aka saba gani ba. Ya ce masu hali sun fara tura mata da yara ƙauye. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma irin wannan maganar mun sha jin ta a shekarar, wani lokaci ta zama gaskiya, wani lokaci iska. Ban taya ko akuya ba. Na koma shagon Rakiya da la'asar, na tarar har ya ɗaure kayansa.

"Rakiya, ki aika Sinkase a kawo ƙwaƙwalwar nan. Ni zan saya."

Duk su biyun suka dube ni. Jamilu ya ce, "Baba, ba ka ji abin da ta ce ba? Bai cancanta ba."

"Na ji. Ba don Kaka zan saya ba. Ina so ka zauna a nan har a kawo ta, shi ya sa."

Na faɗa masa abin da dillalin ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce to ai wannan ne ma dalilin da zai sa ya koma, ga uwarsa a can, ga Razak da shago a hannunsa, ga abokansa da suka yi alkawari tare. Ya ce da wane ido zai dube su. Bai taɓa ɗaga mini murya haka ba.

"Me zan ce wa Razak, Baba? In ce ina jiran ɗan ƙarfe?"

"Ka ce masa kana jiran kaya, gaskiya ce. Ka ce masa kuma ubanka ya roƙe ka, ita ma gaskiya ce. Ba umarni nake ba ka ba, Jamilu. Ka girma, ga tasha can, ba zan tare ka ba. Roƙonka nake yi."

Ku da kuka tashi a hannuna kun san ban iya roƙo ba, ko a ciniki. Ina jin abin da ya ɗaure shi ke nan. Rakiya ta sunkuyar da kai tana ta goge teburin da ba shi da datti. Ya daɗe a tsaye, sannan ya kwance ƙunshin ya mayar da Kaka kan tebur, ya fita bai dube ni ba. Da gari ya waye yana nan. Shi ya zaɓa, kuma ina so ku riƙe wannan, domin nauyin zaɓin a kansa ya sauka, ba a kaina ba.

Kwanakin da suka biyo baya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na samu Hajara a waya sau ɗaya, na ce ta ɗauki Safiya da yara su tafi Awuda wurin ƙaninta, ta ce sai ta ga yadda gari ya kwana. Na ce ta gaya wa Razak ya rufe shagon, ta ce ta faɗa masa, ya yi dariya ya ce Iya kada ki damu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi labari ya iso kasuwar Dapango, bakin wannan ya ba wancan: an shiga unguwanni a Sokode, gida gida, ana fitar da samari. Aka ambaci Zongo, unguwarmu. Na kira Hajara, wayar ba ta shiga. Na kira maƙwabta, na kira yayyenku, babu wadda ta shiga. Jamilu ya ruga tasha, aka ce masa babu direban da zai wuce Kara. Ya dawo ya zauna a dakalin shagon, ni ina wannan gefe shi yana wancan, waya a hannun kowa. Aka kira azahar muka yi, ban san abin da na karanta ba. Rakiya ta kawo abinci ya huce a wurin. A ranar na gane cewa na tsare ɗaya na bar sauran, kuma in wani abu ya sami uwarku, ni da yaron nan ba za mu sake iya duban juna ba.

Rana ta yi sanyi wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Muryar Hajara ce.

"Malam, muna Awuda. Duk muna nan. Safiya da yara, da yayyensa, kowa lafiya. Jamilu yana kusa da kai?"

"Yana nan."

"Taɓa shi."

Na miƙa hannu na kama kafaɗarsa, na ce mata na taɓa. Sai na ji ta fashe da kuka tana hamdala, ni kuma na zauna a ƙasa ina kuka, a gaban masu sayar da tumatir da kowa.

Da ta natsu ta faɗi sauran. Sun fita ta bayan gida tun da suka ji harbi, wani mai babur ya yi ta jigilarsu. Shagon shi aka fara nufa a layinmu. An ɓalle ƙofa, an farfasa kwamfutoci biyun, samarin da aka samu a ciki an yi musu dukan kawo wuƙa. An yi ta tambaya ina mai shagon. An karya wa Razak hannu, ya samu ya kutsa daji, daga baya muka ji ya tsallaka Gana. Jamilu ya karɓi wayar ya saurara, ya miƙo mini, ya shiga bayan shago. Na ji kukansa ta bango. Nawa kukan na samun sauƙi ne, nasa kuwa na san ba shi ba ne, don haka ban bi shi ba.

Ƙwaƙwalwar ta iso bayan wasu kwanaki, a cikin ɗan kwalin ashana, an naɗe ta da auduga. Shi ya sa ta da kansa. Na tsaya a bayansa ya kunna wasan. 'Yan ƙwallon suka yi gudu, suka yi gudu, sai ɗaya ya ɗan tsaya, ya ci gaba.

"Ta ɗan ji sauƙi," ya ce, bai juyo ba. "Kaɗan. Kamar yadda Anti Rakiya ta ce."

Ita ce doguwar maganar da ya fara yi mini tun ranar da na roƙe shi.

Abin da ya ci mana kuma ba zan ɓoye muku ba. Da gari ya lafa, wasu cikin abokansa suka ce ya san za a zo shi ya sa ya gudu ya bar Razak da makulli. Maganar ta kai masa har Dapango. Uwar Razak ta daɗe ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Razak da ya dawo, hannun ya ɗore a karkace, ɗinki ya gagare shi sai da ya koma sayar da yadi. Shi bai taɓa faɗin mugun abu a kan Jamilu ba, har yau suna waya, amma Jamilu bai sake iya zama a Sokode ba. Ya tsaya wurin Rakiya ya koyi gyara sosai, ya buɗe nasa, ya yi aure a can. Shi ya sa 'ya'yansa suke jin yaren Moba na can fiye da yadda suke jin ku, shi ya sa kuma nake ganin autana sau ɗaya ko biyu a shekara, ni da na so in tsufa ina jin motsinsa a ƙofar gida.

Ni kaɗai na koma Sokode, da raguna kaɗan a bayan mota. Layinmu shiru, ƙofar shagon an jingine ta da dutse, fasassun gilasai har bakin kwata. Hajara ta riga ni dawowa daga Awuda, tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni, ta duba bayana, ta ga babu kowa.

"Bai biyo ka ba?"

"Ya ce ba yanzu ba."

Ta ci gaba da juya shinkafar a faifai. Na zaci za ta yi kuka, ko ta ce laifina ne. Sai ta ce:

"Yana cin abinci?"

"Yana ci. Rakiya ba ta barin kowa da yunwa."

"To ya zauna," in ji ta. "Ya zauna can in dinga kewarsa. Wanke hannu, Malam, ruwa yana buta."